Hannun Niña Tancho

Otilia ba ta taɓa ɗaukar kanta maƙaryaciya ba. Ko yau ka tambaye ta, cewa za ta yi ƙarya ɗaya tak ta yi a rayuwarta, sai dai ƙaryar ta yi tsawon rai, har shekara uku, kuma da hannu ta fara ta, ba da baki ba.

Duk wanda ya zauna a Langley Park, nan gefen Washington, ya san gidan abincin Marleni, tsakanin shagon aski da wurin wankin kaya. Tebur biyar ne, da talabijin da ba ta san komai ba sai ƙwallo, da katanga iya ƙirji wadda ta raba masu ci da kicin. Bayan katangar nan Otilia ta yi shekara goma sha tara a tsaye gaban faffaɗan kaskon ƙarfe. Za ta gutsuri kwaɓin masara, ta yi masa rami da yatsu, ta cusa wake da cuku, ta rufe, ta tafa tsakanin tafukanta har ya baje, ta shimfiɗa a kasko. Tun daga bakin titi kake jin tafin. Mu mutanen Sensuntepeque, garinmu na can ƙasarmu ta kudu, da muka cika unguwar ba ma cewa za mu ci pupusa a wurin Marleni, ko da yake ita ce mai wurin. Cewa muke za mu je wurin Niña Otilia (da Niña muke girmama mace a wurinmu), kuma Marleni ta daɗe da haƙura da wannan.

Gajeruwar mace ce mai kaurin damtse, maganarta kaɗan, hararta da yawa. In ta hango wani ya ɗauki cokali mai yatsu zai ci pupusa, sai ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Kai, hannun naka haya ka bayar da shi?" A wannan kam ina bayanta.

Tana da shekara goma sha uku mahaifiyarta ta rasu, aka kai ta rumfar Niña Tancho a bakin tashar mota, can gida, don ta riƙa wanke kwanuka tana samun na bakinta. Shekara goma sha ɗaya ta yi a rumfar. A nan ta girma, a nan ta goyi 'ya'yan Niña Tancho biyu, Baltazar da ƙanwarsa Edelmira, wadda ake kira Mira, a nan kuma ta koyi sana'a. Kowace mai tafa pupusa da nata hannun, kamar yadda kowa da irin tafiyarsa, kuma hannun Niña Tancho ba ya ɓuya. Siririya take yin ta. Wake kuwa, sai ta ƙona albasa a mai har ta yi baƙi ƙirin, ta tsame ta, sannan ta soya waken a cikin man. Kafin ta ɗora a kasko sai ta ɗan tsaga gefen da farcen babban yatsa, cuku ya tsiyayo ya ƙone, ya yi ɓawo ja mai ƙaras-ƙaras. Takan ce mai rufe pupusa ruf marowaciya ce, ko a aljanna ba za ta ba maƙwabciya gishiri ba.

Otilia ta iya wannan hannun kamar mai shi. Amma da ta zo Arewa, kamar yadda muke kiran ƙasar nan, Marleni ta ce mata mutanen nan masu aikin gini ne, mai kauri suke so, mai cika ciki, kuma babu lokacin tsayawa ƙona albasa ana da layi har waje. Sai ta ajiye hannun uwar ɗakinta, ta yi wani nata na kasuwa da garin masarar leda. Ba ta sake waiwayar na da ba.

Shi ya sa Baltazar yake tsokanarta. Shi ma ya daɗe da zuwa, yana aikin rufin gidaje, ƙato ne mai ƙonanniyar ƙeya, da mata da 'ya'ya mata biyu. Balta muke kiransa.

"Niña Otilia, shekara goma sha ɗaya kina gaban tsohuwa, amma ko ƙurar hannunta ba ki kwaso ba," in ji shi.

"Ina zan samu sukunin koyo, ina fama da goyon wani ƙaton kai mai tsula min fitsari a baya?"

"Wannan Mira ce."

"Mira ba ta taɓa yi ba. Kai ne, har ka shekara huɗu."

Bai isa ya je gida ba, don takardar zamansa ta wucin gadi ce, in ya fita ƙofa ta rufe. Abin da ya haɗa shi da mahaifiyarsa biyu ne: waya ran Lahadi, da ƙunshin da Niña Berta take kawowa. Niña Berta sana'arta ke nan, hawa jirgi da akwatuna huɗu tana kai saƙon mutane tana dawo da na wasu: takalma da magani su tafi, cuku da furen loroco da muke sa wa a abinci da wasiƙu su dawo. Duk wata uku Niña Tancho takan tafa wa ɗanta pupusa goma sha biyu, na wake da cuku da loroco, tunda ba a barin nama ya shigo, a daskarar da su, a naɗe a leda da jarida. A wurin Marleni Berta take sauke kaya ran Asabar. Na Balta a firiza yake kwana. Ran Lahadi in an tashi daga coci sai ya zo ya zauna a teburin lungu, Otilia ta ɗumama masa huɗu a kasko, ta kawo da kabeji mai tsami da romon tumatir, sauran ta naɗe masa ya kai gida. Yayin da yake ci ba ya yi wa kowa magana, mu ma ba ma yi masa.

Wata Asabar ce cikin watan Oktoba Otilia ta kwance ƙunshin don ta raba huɗun gobe. Tana ɗaga ta farko ta tsaya. Kauri kamar tafin takalmi, a rufe ruf, babu ko ɗigon ɓawo. Ta duba ta biyu, ta duba ta uku. Ta goge hannu, ta ɗauki katin waya, ta fita bayan kanti.

"Mira, wa ya tafa waɗannan?"

Edelmira ta ce, "Mama mana."

"Ni za ki yi wa? Ni da na goye ki? Waɗannan ko kare aka jefa da ɗaya sai ya yi ɗingishi."

Edelmira ta yi dariya kaɗan, dariyar ta juye kuka. Mako uku ke nan, in ji ta, Mama ta yanke jiki ta faɗi a bakin randar wanki. Ɓarin dama ya shanye. Bakin ya ɗan dawo, tana iya magana in ba doguwa ba, amma hannun ya tafi.

"Ita ta ce kada a gaya masa, Niña. Sai da ta sa na rantse. Kin san Balta, in ya ji ko a ƙafa zai taho. Ya zo ya yi me? Ya bar yaran can da wa? Ta ce in tafa in aika kamar kullum, kada ya ga ƙunshi bai zo ba ya yi tambaya."

"Yana gutsura zai gane."

"To ya zan yi? Iyakar iyawata ke nan. Don Allah, Niña, ki rufa mana asiri."

Wanda bai san Otilia ba zai ce ai nan ne ya kamata ta ce a'a. Amma Otilia ta taɓa yin miji, Arnulfo, mai fenti, mutum mai fito da baki in yana aiki. Shekara takwas kafin wannan rana aka bugo masa waya aka ce mahaifiyarsa tana kan gargara, tana kiran sunansa. Ba shi da takarda ko ɗaya. Otilia ta roƙe shi, ya ce uwa ɗaya gare shi, ya tafi. Tsohuwar ta warke sarai, har ta ƙara shekara shida a duniya. Arnulfo kuwa da ya juyo, ya biyo ta ƙasa kamar yadda ya zo da farko, ya bugo mata waya daga wani gari a bakin iyaka ya ce jibi za su tsallaka, ta ajiye masa miyar kaza. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Hamada ba ta mayar da ko takalminsa ba, babu gawa, babu kabari. Tun daga lokacin Otilia ta yanke cewa wanda ya buga wayar nan shi ya kashe mata miji. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

"Ki ci gaba da aikowa," ta ce wa Edelmira. "Sauran ki bar min."

Da ta koma gida ran nan ba garin leda ta taɓa ba. Ta dafa masara da farar ƙasa irin ta abinci, ta wanke, ta niƙa. Ta ƙona albasa har maƙwabta suka yi tari. Ta sayi cukun gida daga kayan Berta. Hannun da ta ajiye shekara da shekaru, ashe yana nan yana jiranta. Ta farko ce kawai ta yage. Ta gasa su a kan gawayi a bayan gida don su kama hayaƙi, ta bari suka huce, ta daskarar da su, don abincin da ya yi tafiya ɗanɗanonsa daban. Ta naɗe su a jaridar da ta zo da na Edelmira.

Ran Lahadi Balta ya zauna a lungunsa. Ya ɓare ɓawon cukun da yatsa, ya fara cinye shi kamar yadda yake yi tun yana ƙarami. Ya lumshe ido. Da ya gama huɗun ya tsotse yatsu ya ɗago kai.

"Kin gani, Niña Otilia? Wannan ita ce pupusa. Ki riƙa leƙawa kina koyo."

"Ina nan ina ƙoƙari," ta ce, ta juya masa baya.

Haka aka yi shekara uku. Na Edelmira kuwa Otilia ba ta zubar ba, don zubar da masara zunubi ne. Ita take ci a tsaye bayan katanga, ɗaya-ɗaya, har su ƙare.

Kada wani ya ɗora mata laifin ita kaɗai. Marleni ta sani. Berta ta sani, ita da take shiga gidan duk wata uku tana ganin tsohuwa a kujera, bakinta a karkace. Kafin shekara ta zagayo rabin cocinmu sun sani, ni ma na sani. Halinmu ke nan, kuma ba na alfahari da shi. Na gida su ɓoye wa na Arewa ciwo kada hankalinsa ya tashi, na Arewa ya ɓoye wa na gida wahala kada su shiga damuwa, kowa ya ɗauki waya ran Lahadi ya ce lafiya lau. Mun mai da abin ladabi. Mutum yana zaune a tsakiyarmu yana yabon ƙarfin mahaifiyarsa, mu kuma muna gyaɗa kai muna miƙa masa kwanon kabeji.

A shekara ta uku, cikin watan Yuli, jikin Niña Tancho ya ƙara tsanani. Edelmira ta gaya wa Otilia a waya cewa tsohuwa ta fara rikicewa, abinci ma sai an lallaɓa ta. Wayar Lahadi ta koma gaisuwa kawai, sai Edelmira ta karɓe ta ce Mama ta gaji, ta wuni a bakin kasko.

Ƙunshin Yuli ya zo, Otilia ta yi abin da ta saba. Ran nan Balta ya ci biyu ya tsaya. Ya taso ya jingina da katanga, abin da ba ya yi.

"Niña Otilia, in tambaye ki mana. Ke kin fi ni sanin tsohuwa. Muryarta ba ta yi min daɗi kwanan nan. Sai in ji kamar ba ta gane wa ke magana ba."

Tana tafa ta wani mai jira, ba ta daina ba. "Tsufa ne. Kai ma yana nan tafe."

"Ba kya jin komai daga wurin Mira? In akwai wani abu ki gaya min."

Ta ɗago ta dube shi. Abin da ta gani shi ne fuskar Arnulfo ranar da ya ajiye waya, yana neman jakarsa da ido. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ya barin mutum ya yi tunani. Ta nuna farantinsa da haɓa.

"Dubi abin da ke gabanka, Balta. Mara lafiya ce za ta niƙa masara ta tafa wannan? Ɗaga ka ga gefen."

Ya koma ya ɗaga ya duba tsagar farcen, ya daɗe yana kallo. Sai ya yi ajiyar zuciya, ya yi murmushi.

"Gaskiyarki. Hannunta ko rawa ba ya yi. Shi ke nan, kin kwantar min da hankali."

Ya cinye sauran biyun, har ya ƙara da kofi. Otilia ta ji daɗi ran nan, ta gaya wa Marleni cewa ta tare shi a bakin rami.

Niña Tancho ta rasu wata Alhamis da yamma cikin Oktoba. Ran Juma'a aka binne ta, don zafin ƙasarmu ba ya barin gawa ta jira kowa. Aka fara addu'ar kwana tara a can gida, aka fara a nan ma, a falon Balta, da hoton tsohuwa a kan tebur tsakanin kyandir biyu. Ran Asabar muna cikin addu'a Berta ta shigo daga filin jirgi. Ran Laraba ta karɓi ƙunshi a hannun Edelmira, kwana ɗaya kafin rasuwar. Tausayi ya rufe mata ido, ta manta da komai, ta wuce kai tsaye ta ɗora wa Balta a hannu tana kuka. Otilia tana zaune a kujerar bakin ƙofa, ta ga ya rungume ƙunshin a ƙirji.

Duk da haka ba ta fid da rai ba. Ran Lahadi ta niƙa masara, ta ƙona albasa, ta tafa goma sha biyu, ta kai firizar Marleni ta ajiye. In dai ya miƙo mata ƙunshin ta kan katanga, sai ta musanya kamar kullum, an gama.

Ran Litinin da hantsi ya zo, lokacin da babu kowa sai Marleni tana goge tebura. Ya yi aski, ya sa farar riga. Ƙunshin yana hannunsa, ba a kwance ba.

"Kawo, ɗana," Otilia ta ce, ta miƙa hannu. "Je ka zauna."

"Yau kam ni zan ɗora su, Niña. Na ƙarshe ne. Ina so in taɓa su da hannuna tun suna da sanyi."

"Ba a shigowa kicin, ka sani. In masu duba tsafta suka zo, Marleni za su rufe wa kanti."

"Haka ne, Balta," Marleni ta ce da sauri, "kwanan nan sun matsa mana."

"To, ba zan shiga ba."

Ya ɗora ƙunshin a kan katangar, a tsakaninsu, ya fara kwance igiyar a hankali, kamar mai gudun kada ya ji mata ciwo. Ya buɗe jarida, ya buɗe leda. Otilia tana kallon yatsunsa. Ya ɗaga ta farko, ya juya ta. Ya ajiye, ya ɗaga ta biyu. Sai da ya bi goma sha biyun duka, ya jera su a kan katanga.

"Waɗannan na Mira ne," ya ce.

Ya sake ɗaga ɗaya ya duba.

"Ba komai. Ai Mama tana kwance a makon, dole Mira ta yi." Ya faɗa kamar mai lallashin kansa. Sai ya dubi Otilia, ya dubi Marleni wadda ta tsaya da tsumma a hannu ta sunkuyar da kai. Balta ba wawa ba ne, yarda ce kawai ta yi masa yawa. "Niña Otilia, me ya sa kike kallona haka?"

Tana iya cewa haka ne, makon nan ne kawai. Ya riga ya shimfiɗa mata hanyar da kansa. Amma ta gaji, kuma wadda ta sa aka yi rantsuwar tana ƙarƙashin ƙasa. Ta je firiza ta ɗauko nata ƙunshin, ta kwance, ta ajiye kusa da na Edelmira. Sirara, kowace da tsagarta a gefe da jan ɓawonta.

Ya daɗe yana kallonsu.

"Yaushe kika yi waɗannan?"

"Jiya."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku, wannan watan. Mahaifiyarka ta faɗi, ɓarin dama ya shanye. Ba ta sake riƙe kwaɓi ba."

Ya dafa katanga da hannu biyu. "Wa ya sani?"

"Kowa."

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Ita ta ce kada a gaya maka," Otilia ta ce, maganar tana fita da gudu. "Ni kuma na yarda, ba zan ɗora wa mamaciya ba. Ka san abin da ya sami Arnulfo. Na goye ka, Balta. Ba zan zauna in ga ka bar 'ya'yanka ka je ka dawo ta hamadar nan ba. Ka tsane ni in kana so, amma ga ka nan tsaye da ranka."

Ya sa hannu a aljihun riga ya zaro wata takarda a ninke, ya buɗe ya ajiye a kan jaridar.

"Ba hamada zan bi ba, Niña. Jirgi zan hau. Izinin fita da dawowa ne. Shekara guda lauya yana nema min, a watan Yuni ya fito. Ban gaya wa kowa ba sai matata, ina so in yi wa tsohuwa ba-zata." Ya ɗora yatsa a kan takardar. "Ranar da na tambaye ki, na riga na yi niyyar tafiya a makon. Da kika ce in dubi farantin, sai na ce tunda ƙalau take, bari in gama aikin bazara, in je a Disamba lokacin bikin gari, in riƙe hannunta mu zaga dandali."

Otilia ta dubi takardar. Ba ta iya karanta Turanci ba, amma ta ga hotonsa, ta ga hatimi.

"Ban sani ba," ta ce.

"Na san ba ki sani ba. Ni ma ɓoyewa na yi." Ya ninke takardar ya mayar aljihu. "Gobe zan tashi, in samu ƙarshen kwana taran. Ɗumama min na Mira."

"Balta, waɗannan sun fi…"

"Na Mira."

Ta ɗora huɗu a kasko. Saboda kaurinsu sun daɗe kafin zafi ya ratsa. Ta kai masa da kanta har teburin lungu, da kabeji da romo, ta tsaya a gefe. Ya gutsura ya tauna. Tsakiyar ba ta gama nuna ba, gishiri ya yi kaɗan.

"Har yanzu ba ta iya ba," ya ce, hawaye yana bin gefen hancinsa. "Shekara uku tana juya tsohuwa, tana yi mata wanka, tana tashi ta yi min wannan. Ni kuma ina bugo waya ina ce mata ta ji daɗi, tana zaune Mama tana ciyar da ita." Ya ci gaba da ci har ya cinye huɗun tas. Ya goge yatsu, sannan ya ɗago.

"Tambaya ɗaya zan yi miki, kuma kada ki gyara min amsar. Ta neme ni?"

Otilia ta ji kamar ta ce cikin barci ta tafi, ba ta san inda take ba. Bakinta har ya buɗe a kan haka.

"Ta neme ka," ta ce. "Da hankalinta ya fara tafiya ta manta da rantsuwar da ta sa aka yi. Kullum da yamma sai ta ce a kira mata Balta, me ya hana shi zuwa."

"Tun yaushe?"

"Tun Yuli."

Ya tashi, ya naɗe takwas ɗin Edelmira da suka rage a jaridarsu, ya ɗaure da igiya. Na Otilia ya bar su a kan katanga, sanyinsu yana narkewa yana jiƙa takarda. Ya yi wa Marleni sallama, ya yi wa Otilia sallama da ladabi, ya fita.

Bai sake cin abinci a wurin ba. In sun haɗu a coci yana gaishe ta, ya tambayi lafiyar ƙafarta, ya wuce. Ba ta taɓa yin ƙorafi a kan wannan ba, kuma tana nan a bakin kaskonta har yau. Amma abin da ya karya ta ba a ran Litinin ɗin ya faru ba. Mako uku Balta ya yi a gida, kuma duk tsawon makonnin nan Otilia tana kunna masa kyandir, tana jiran a ce an tsare shi a filin jirgi, an hana shi shigowa. Ba fata take yi masa ba, Allah ya sani. Sai dai in hakan ta faru, to abin da ta yi yana da dalili.

Wata Laraba da rana, kanti cike da masu aikin gini, Marleni ta shigo daga waje da buhun kabeji, ta tsaya kusa da ita.

"Balta ya dawo jiya," ta ce ƙasa-ƙasa. "Matarsa na gani."

"Sun wahalar da shi?"

"Ko kaɗan. Wai minti goma ma bai yi a layi ba, suka buga masa hatimi suka ce ya wuce."

"Na gode wa Allah," in ji Otilia.

Ta juya pupusa shidan da ke kan kasko, ta kwashe su a faranti, ta miƙa ta kan katanga. Sannan ta jawo bokitin wake da babu komai a ciki, ta kifa shi, ta zauna a kai, ta ce Marleni ta karɓe ta, hannunta ba zai iya ba yau.